Masu Tsawatarwa a Cikin Hanji: Sharhi kan Gudawar Jinin da Ba Ta Jin Magani

A Safana ko Batsari, in mutum ya ga jini a bayan gida, sunaye biyu ne ke fara zuwa bakin jama'a: atuni ko basir. In yaro ne, a ce ɗan kanoma. Daga nan sai kemis, a sayo Flagyl da kafso, ko a jira mai sassaƙe ranar kasuwa. Sau da yawa kuma an canka daidai, domin a ƙauyen da ake sha daga rijiyar da ba murfi, damina na kwaso ƙazanta tana zubawa inda ake ɗiba, mafi yawan gudawar jini ƙwayar cuta ce da ta shigo daga waje. A kashe ta, mutum ya miƙe.

Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da maganin ba ya yi musu komai. Wata uku, wata shida, shekara, ciwon na lafawa yana dawowa. Ga jini da majina, ga murɗar ciki, ga tashi cikin dare ana neman buta. Mutum ya rame, idonsa ya yi fari, gaɓoɓi su riƙa ciwo, har a fara raɗe-raɗin sammu ko wata cutar da ake jin kunyar faɗa. A jikin wasu daga cikinsu babu baƙuwar ƙwayar da za a kashe. Garkuwar jikinsu ce ta juya wa hanjinsu, ta hana shi sakat.

Likitoci sun raba wannan larura gida biyu. Ɗaya ita ce gyambon babban hanji, wanda ke farawa daga dubura ya riƙa hawa sama, yana ɗaye fatar cikin hanjin. Ba shi ne olsar da aka saba ji ba, ita a tumbi take. Wani likitan Landan, Samuel Wilks, ya bayyana shi tun 1859. Ta biyun ita ce cutar Crohn, mai sunan Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta bayaninta a New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, tana tsallake wani wuri ta kama wani, kuma tana cin bangon hanji har ta huda shi ko ta ƙuntata shi. An ƙiyasta masu ɗauke da cututtukan biyu a duniya sun kai miliyan 6.8 a 2017. A Arewacin Amurka da ƙasashen Turai da dama, sama da mutum 3 ne cikin kowane 1,000. An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne, amma wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna yana ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka waɗanda rayuwarsu ke komawa ta birni.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta ɗaya gefen: me ya hana kowa da kowa kamuwa? Faɗin fatar cikin hanjin mutum ya kai kimanin murabba'in mita 30. A kanta akwai bakteriya da aka ƙiyasta a 2016 sun kusa tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji. Tsakaninsu da naman jiki babu komai sai majina da shimfiɗa ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta. A bayan wannan shimfiɗa kuma aka jibge kaso mai tsoka na sojojin jiki, waɗanda aikinsu shi ne afka wa duk abin da ba su sani ba. Kullum ta Allah tuwo da miya da fura na wucewa ta gabansu, duk baƙi ne a wurinsu. Da a ce afkawa kaɗai suka iya, da ba wanda zai kai yaye da lafiyayyen hanji.

Manomi ya san wannan daga sharar gona. In za a cinna wa sassabe wuta, sai an sami wanda zai tsaya a gefe da ɗanyen reshe yana bugun bakinta, in ba haka ba ta tsallaka ta cinye rumbun maƙwabci. Kumburin da garkuwar jiki ke haddasawa wuta ce mai amfani, da ita ake ƙone ƙwayar atuni. Masu riƙe da ɗanyen reshen kuwa wasu fararen ƙwayoyin jini ne daga dangin da ake kira T. Ba su da yawa, kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari na rukuninsu a cikin jini. Su ne ƙwayoyin T masu tsawatarwa.

Masana sun sha wuya kafin su yarda akwai su. A shekarun 1970 an yi ta maganar wasu ƙwayoyi masu danne garkuwa, amma aka kasa kama su a hannu, zancen ya mutu, har ya zama mai bincike na gudun a ji shi yana faɗarsa. Wani Bajapane, Shimon Sakaguchi, ya ƙi saki. Abin da ya riƙe shi wani gwaji ne na 1969 a Japan: in aka cire wa jaririn ɓera wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, kwana uku da haihuwa, maimakon garkuwarsa ta yi sanyi sai ta haukace ta riƙa cin sassan jikinsa. Ke nan akwai wani abu da ke fitowa daga taimos yana kwantar da sauran. A 1995 Sakaguchi ya nuna ƙwayoyin, ya kuma nuna alamar da ake gane su da ita, CD25.

Shaidar da ta fi shafar hanji ta fito shekara biyu kafin haka, daga hannun Fiona Powrie, 'yar Ingila da ke aiki a Kalifoniya a lokacin. A 1993 ta ɗebi ƙwayoyin T daga lafiyayyun ɓeraye, ta raba su kashi biyu, ta zuba kashi ɗaya a jikin ɓerayen da ba su da nasu. Cikin 'yan makonni suka kama gudawa, suka rame, hanjinsu ya kumbura. Waɗanda aka haɗa musu kashin biyu gaba ɗaya kuwa lafiyarsu ƙalau. Darasin a fili yake: ƙwayoyin da za su iya ɓata hanji suna nan a jikin mai lafiya, 'yan uwansu ne kawai ke riƙe da su. A 2003, tana Jami'ar Oxford, ita da abokan aikinta suka ƙara gaba, suka warkar da ɓerayen da ciwon ya riga ya kama ta hanyar zuba musu masu tsawatarwa.

Sauran labarin ya zo ta wata hanya dabam. A 1949, a cibiyar binciken nukiliya ta Oak Ridge a Amurka, an sami wani dangin ɓeraye da mazansu ke fitowa da fata mai ɓamɓaroki, su mutu cikin makonni kaɗan. An yi shekara hamsin ana kiwonsu ba a san dalili ba, sai a 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon da ta lalace, suka sa mata suna Foxp3. Nan da nan aka ga ita ce ke lalacewa a wata cutar jarirai maza da ba a cika gani ba, IPEX, wadda alamarta ta farko yawanci gudawa ce da ba ta tsayawa tun watannin farko, sai ciwon suga da ƙurajen fata. In ba a yi musu dashen ɓargo ba, da yawansu ba sa wuce shekara biyu. A 2003 Sakaguchi ya haɗa zaren: Foxp3 ce ke mayar da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Ranar 6 ga Oktoba, 2025, aka sanar da ba Sakaguchi da Brunkow da Ramsdell lambar Nobel ta fannin likitanci. Abin lura shi ne, in jiki ya rasa waɗannan ƙwayoyi, hanji na cikin wuraren da ke fara kokawa.

Yaya suke tsawatarwar? Suna fitar da sinadarai masu kwantar da sauran ƙwayoyi, manyansu IL-10 da TGF-beta. Suna shanye wani sinadari, IL-2, wanda mayaƙan ke bukata kafin su hayayyafa. Kuma a jikinsu akwai wani maƙalli, CTLA-4, da ke hana ƙwayoyin da ke kai rahoton baƙi tunzura mayaƙa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an ga abin da rashinsa ke jawowa. A 1993 masu bincike a Kolon ta Jamus suka samar da ɓerayen da ba sa yin IL-10, sai ga su da kumburin hanji. A 1998 aka raini irinsu a inda babu bakteriya ko ɗaya, ciwon bai zo ba. Wato sai abu biyu sun haɗu: bakteriyar da ke zaune a hanji, da garkuwar da ta rasa mai ce mata bari. A 2009 aka sami jarirai masu mummunan ciwon hanji waɗanda jikinsu ba ya jin saƙon IL-10 saboda gado, aka yi wa ɗaya dashen ɓargo ya sami sauƙi. Wasu daga cikin iyalan auren zumunci ne, abin da ya kamata likitocin yara a ƙasar Hausa su riƙe a rai in jariri ya zo da gudawar jini da maruru a dubura tun bai yi shekara ba. Haka nan masu ciwon daji da ake ba ipilimumab, maganin da ke toshe CTLA-4 da gangan don a saki garkuwa a kan dajin, ɗaya daga cikin illolin da aka fi sani shi ne kumburin babban hanji.

Mai karatu zai zaci in aka duba hanjin mai cutar Crohn za a tarar masu tsawatarwa sun ƙare. Ba haka aka gani ba, kuma nan ne batun ya yi zurfi. Wani nazari da aka yi a Balin a 2005 ya nuna suna raguwa a jini lokacin da ciwon ya tashi, amma a wurin kumburin ƙaruwa ma suke yi, sai dai ƙaruwar ba ta kai yadda ake bukata ba. In aka ciro su aka gwada a ɗakin bincike, aikinsu suke yi. Matsalar tana wurin waɗanda ake tsawatar wa. Giovanni Monteleone da abokan aikinsa a Rum sun nuna mayaƙan da ke hanjin marasa lafiya cike suke da wani sinadari, Smad7, da ke toshe musu saƙon TGF-beta, ana magana ba sa ji. Akwai kuma shaidar cewa in kumburi ya yi tsanani, wasu masu tsawatarwar kan sauya hali su koma fitar da IL-17, wanda ke ƙara rura wutar. Saboda haka a yawancin marasa lafiya ba a ce ga abu ɗaya da ya lalace. An gano wurare sama da 200 a cikin gadon ɗan Adam da ke da hannu, kowanne da ɗan rabonsa, sannan muhalli ya ɗora nasa.

Muhallin ne ya kawo maganar ƙofar gidanmu. Da yawa daga cikin masu tsawatarwar hanji ba daga taimos suke zuwa ba, a nan hanjin ake yin su. Wasu ƙwayoyi kan ɗebi samfurin abinci da na bakteriya su kai kaluluwar da ke jikin hanji, a can, da taimakon TGF-beta da wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga bitamin A, a mayar da sabuwar ƙwayar T mai tsawatarwa. Bitamin A ɗin nan shi ne wanda ke cikin manja da zogale da mangwaro, wanda ake ɗiga wa yara a baki lokacin rigakafi. A 2011 Kenya Honda da Koji Atarashi a Japan suka nuna wasu dangin bakteriya na Clostridium, marasa cutarwa, su ne ke sa masu tsawatarwa yawaita a babban hanjin ɓera. A 2013 ƙungiyoyin bincike uku, ɗaya a Japan biyu a Amurka, suka gano hanyar. Akwai ɓangaren abinci da cikinmu ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Bakteriyar na cinsa su fitar da wasu sinadarai, fitaccensu butiret, wanda ke ciyar da fatar hanji, yana kuma buɗe wa Foxp3 hanya.

A 2010 masu bincike daga Italiya sun gwada bayan gidan yaran wani ƙauye a Burkina Faso, Boulpon, da na yaran birnin Florence. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, kusan abin da ake ci a Runka ko Zakka ko Ruma. An tarar bakteriyar cikinsu ta fi yawan iri, kuma sinadaran nan masu amfani sun fi yawa. A 2015 Stephen O'Keefe ya yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fatar Pittsburgh su 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu su 20. Butiret ya ninka fiye da biyu a cikin Amurkawan da suka koma abincin karkara, ya faɗi a cikin waɗanda suka koma na Amurka. Mako biyu kacal. A gefe guda kuma, gwajin ɓeraye na 2015 ya nuna wasu sinadaran da kamfanoni ke sa wa abincin leda don ya yi laushi ya daɗe suna zaizaye majinar hanji, wani nazarin ƙasashe da yawa na 2021 kuma ya sami alaƙa tsakanin yawan cin irin wannan abinci da kamuwa da cutar. A Denmark an ga yaran da aka ba maganin kashe bakteriya sau da yawa sun fi kamuwa da cutar Crohn.

Ba ina cewa tuwon dawa magani ba ne. Wanda ciwon ya riga ya kama, miyar kuka ba za ta warkar da shi ba, wanda hanjinsa ya ƙuntata ma likita kan hana shi abinci mai zare. Kuma kada a yi wa talauci kwalliya: yaron da ke shan ruwan tafki yana da nasa kumburin hanjin, mai hana abinci kama jiki, wanda ke da hannu a tamowar da ta cika cibiyoyin kula da yara a Katsina. Abin da nake cewa shi ne, fura da dambu da kwaɗon zogale da ɗanwake, waɗanda wasu ke yi wa kallon abincin ƙauye, su ne ke ciyar da bakteriyar da ke tallafa wa masu tsawatarwa. Muna kuma rabuwa da su ta hanya biyu. Ta farko son taliyar leda da lemon kwalba da farin burodi. Ta biyu ta fi ciwo: iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, wanda aka raba shi da gonarsa an raba shi da rumbunsa, abin da ya samu a gari shi zai ci.

Akwai wata magana da ya kamata a taka mata birki tun kafin ta iso. Tsutsar ciki na ƙara yawan masu tsawatarwa, domin ta haka take lallaɓa jiki ya bar ta ta zauna. Wannan ya sa a 2005 likitoci a Jami'ar Iowa suka ba marasa lafiya ƙwayayen wata tsutsar alade su sha, sakamakon farko ya yi daɗin ji. Manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya a Amurka da Turai ba su ga bambanci ba tsakaninta da ruwa zalla. Kada wani ya ce don haka a bar yara da tsutsa. Tsutsa na shan jininsu.

Haka yawancin ƙoƙarin mayar da wannan ilimi magani ya kasance. An yi wa masu cutar Crohn allurar IL-10 wajen shekarar 2000, ba ta yi abin a zo a gani ba. An ƙera mongersen don ya kawar da Smad7, ya ba da mamaki a gwajin 2015, aka dakatar da babban gwajinsa a 2017 don bai yi aiki ba. A Faransa, a 2012, an ciro masu tsawatarwa daga jinin marasa lafiya 20, aka hayayyafa su a ɗakin bincike aka mayar musu. Jiki ya karɓa, wasu sun ji sauƙi na ɗan lokaci. A Boston an gwada ɗan ƙaramin awo na IL-2, wanda masu tsawatarwa ke riga kowa shanyewa, a kan masu gyambon babban hanji. Duk waɗannan gwaji ne, babu wanda ya zama maganin da likita zai rubuta. Wanda ya ce yana sayar da shi, ƙarya yake yi.

Magungunan da ke hannu su ne mesalazin da salfasalazin, da firednisolon na ɗan lokaci, da azatayofirin, sai allurai masu tsada irin infliximab da aka fara amfani da shi a 1998. Yawancinsu sassauta garkuwa suke yi, kuma a nan haɗarin yake a ƙasarmu. Tibin hanji na kama da cutar Crohn ƙwarai, har ƙwararre kan rikice, ga shi Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tibi a duniya. In aka ba mai tibi infliximab, an sakar masa cutar. In aka ba mai atunin amiba firednisolon, hanjinsa na iya hujewa. Firednisolon kuwa magani ne da ake saya ba takarda, dangin ƙwayoyin ƙibar nan ne da ake kira sha-ka-fashe. Don haka tsarin ba ya canzawa: gwajin bayan gida da na jini da na tibi da na ƙanjamau tukuna, sannan kyamarar duba hanji da yanko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Gudawar da ta wuce wata guda, musamman da jini ko rama ko tashin dare, ta fi ƙarfin kemis. Ma'aikacin lafiya na karkara ya tura ta babban asibitin Batsari ko na Dutsin-ma, daga nan Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Kafin nan a guji diclofenac da ibuprofen, suna iya tayar da ciwon, mai shan taba kuma ya sani tana tsananta cutar Crohn. Masu tallan magani a mota da lasifika suna cewa nasu na ƙara garkuwar jiki. Mai wannan ciwo ba ƙarancin garkuwa ke damunsa ba.

Kusan duk abin da aka gano game da gadon wannan cuta a jikin Turawa aka gano shi. Sauye-sauyen ƙwayar gado ta NOD2, da aka alaƙanta da cutar Crohn a 2001, sun yawaita a Turai amma da wuya a same su a Japan, alamar cewa abin da ya tabbata a wata al'umma ba lallai ya tabbata a wata ba. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, dukkansu suna koyar da ilimin ƙananan halittu. Ina ganin aiki biyu na jiran su tare da likitocin hanji na Arewa. Na farko, rajista guda da za a riƙa shigar da duk wanda aka tabbatar yana da cutar, da garinsu da abincinsa da magungunan da ya sha yana yaro. Na biyu, a ɗebi samfurin bayan gida daga ƙauyukan da har yanzu gero da dawa ne abincinsu, da izinin masu shi da na dagatai, a adana a gwada da na 'yan uwansu da suka koma Katsina da Kano, tun ana iya samun bambancin.